Tankin Gidan Mai Da Ke Kwance: Yadda Lissafin Minti 25 Ya Kai Ga Ambaliyar Fetur

A yawancin gidajen mai, tankin da ake ajiye fetur a ƙarƙashin ƙasa a kwance yake, dogon silinda ne da aka shimfiɗa cikin rami aka binne. Wannan kwanciyar ce ta sa ya dace da babin kalkulas da ke danganta saurin canjin wani abu da saurin canjin wani. Alƙaluman lamarin da za mu duba an zaɓe su ne domin lissafi ya fita sarai, amma girman tankin, da na tankar, da ƙarfin zubar man duk ba su yi nisa da abin da ake gani a bakin aiki ba.

Faɗin cikin tankin mita 2.5 ne, rabinsa R ke nan mita 1.25. Tsawonsa L mita 9. A yanzu mu ɗauka bangwayen ƙarshensa biyu a shafe suke, ba su da tudu. Cikarsa ita ce π × 1.25² × 9, wato kubik mita 44.179, lita 44,179. Ranar da ake magana a kai tankin rabi yake cif, zurfin man santimita 125, lita 22,089. Sai tanka ta iso da lita 33,000 a ɗaki uku, kowane ɗaki lita 11,000. Kowa ya san tankin ba zai cinye wannan kaya duka ba, don haka manaja ya ce a sauke har awo ya kai santimita 225, sannan a rufe bawul a mayar da tiyo kan tanki na biyu.

Man yana gangarowa da kansa ta tiyo mai inci 4, lita 900 a minti, ɗakunan kuma a haɗe suke ta bututu ɗaya, zubar ba ta yankewa. Mai kula da saukewar ya tsaya a gaban na'urar awo ta ofis. A minti na farko ya ga 125 ya koma 129. Bai yi gaggawa ba, ya jira minti na shida, ya ga 149, daidai da abin da santimita 4 a minti zai bayar. Daga 125 zuwa 225 santimita 100 ne, a raba da 4, minti 25. Ya leƙa waje ya ce, "Malam direba, in an cika minti 25 da buɗewa ka rufe." Ya koma kan wani aikin.

Tankin ya wuce santimita 225 a minti na 22, ya cika maƙil a minti na 24 da rabi. Mutumin bai yi kuskuren rabawa ba, na'urar ma ba ta yi masa ƙarya ba. Tambayoyi uku ke gabanmu: nawa ne saurin hawan man a santimita 225, yaushe zai kai can, kuma a ina lissafin minti 25 ya karye.

Abin da ke canzawa da abin da ke tsaye

Kafin a rubuta komai sai a ware. R da L ba sa motsi. Abubuwa biyu ke tafiya da lokaci t: yawan man da ke ciki, V, da zurfinsa, h. An ba mu dV/dt, wato saurin ƙaruwar yawan man, lita 900 a minti. Tun da tsawo da faɗi a mita suke, a nan take a mayar da shi kubik mita 0.9 a minti, domin lita 1,000 ce ke yin kubik mita ɗaya. Abin da ake nema shi ne dh/dt, wato saurin hawan zurfin man. Sauran aikin duka na samo dangantakar V da h ne, wadda za ta zama gaskiya a kowane zurfi, ba a zurfi ɗaya kawai ba.

A kalli tankin daga ƙarshensa. Da'ira ce, man ya kwanta a ƙasanta, samansa layi ne miƙaƙƙe daga bango zuwa bango. Nisan wannan layin daga tsakiyar da'irar shi ne R − h idan man bai kai rabi ba, h − R idan ya wuce. A ja layi daga tsakiya zuwa inda saman man ya taɓa bango, tsawonsa R. Sai alwatika mai kusurwar digiri 90 ta fito, kuma ƙa'idar Pythagoras ta ba da rabin faɗin saman man:

√(R² − (R − h)²) = √(h(2R − h))

Faɗin fuskar man gaba ɗaya ninki biyun wannan ne. Idan ka leƙo daga sama, fuskar man fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa L, don haka girman filin shi ne:

A(h) = 2L√(h(2R − h))

Daga nan hanya ta rabu biyu. Doguwar ita ce a rubuta V ɗin kansa. Filin yankin da'irar da man ya rufe shi ne filin yankan da ya taso daga tsakiya, a cire alwatikar da ke samansa, a ninka da tsawo (arccos na nufin kusurwar da kosain ɗinta ya yi daidai da lambar da ke cikin baka):

V = L[R² arccos((R − h)/R) − (R − h)√(2Rh − h²)]

Mu kira 2Rh − h² da suna S don rubutu ya yi sauƙi. Ƙimar canjin ɓangaren farko bisa h, wato yadda yake canzawa idan h ya ɗan canza, ita ce R²/√S. Ta ɓangare na biyu, bayan an bi ƙa'idar ninki, ita ce √S − (R − h)²/√S. Idan aka haɗa su, R² − (R − h)² shi ne S ɗin kansa, saboda haka S/√S + √S ya zama 2√S. Wato dV/dh = 2L√S, wanda ba wani abu ba ne illa A(h) da muka samu a baya.

Gajeriyar hanyar ta kai nan ba tare da arccos ba. Idan man ya ƙara ɗan zurfi dh, abin da ya ƙaru siririn falle ne mai filin A da kaurin dh, don haka dV = A dh. Ƙa'idar sarƙa, dV/dt = (dV/dh) × (dh/dt), ta rufe maganar:

dh/dt = (dV/dt) ÷ A(h)

Saurin hawa shi ne abin da ke shiga, a raba da filin fuskar ruwan a wannan lokacin. Wannan bai tsaya kan tankin mai ba, kowane mazubi haka yake, kowace irin siffa gare shi. Duk wanda ya taɓa tara tulu a famfo ya ga ruwan yana jan ƙafa a cikin tumbin, da ya iso wuya sai ya taso a guje. A ganinmu ɗalibin da ya riƙe wannan layi ɗaya ya fi wanda ya haddace tsarin girman mazurari da na ƙwallo da na silinda ɗai-ɗai, domin shi zai iya gwada amsarsa. Tambayar mazurarin da ta saba fitowa a lissafi mai zurfi na WAEC da shekarar farko ta jami'a misali ce: mazurari mai zurfin mita 4, rabin faɗin bakinsa mita 2, r = h/2, V = πh³/12, dV/dt = (πh²/4) dh/dt. Wannan πh²/4 ɗin πr² ne, filin fuskar ruwan. Idan abin da ka samu a gaban dh/dt bai yi daidai da filin fuska ba, akwai inda ka kauce.

Ba sabuwar tambaya ba ce. A rubutun da Isaac Newton ya yi a 1671, wanda ba a buga ba sai 1736 bayan rasuwarsa, matsalar da ya fara ɗorawa ita ce: an ba ka dangantakar abubuwan da ke gudana, nemo dangantakar saurin gudanarsu. Alamar d da muke rubutawa kuwa ta Leibniz ce, wanda ya buga hanyarsa a Jamus a 1684.

Saka alƙaluma

Sai yanzu lokacin saka lambobi ya yi. Da L = 9 da 2R = 2.5, A = 18√(h(2.5 − h)).

A tsakiya, h = 1.25, abin da ke ƙarƙashin alamar shi ne 1.25 × 1.25, tushensa 1.25, A murabba'in mita 22.5. A raba 0.9 da 22.5, mita 0.04, santimita 4 a minti. Daidai abin da mai kula ya gani. A h = 1.5 filin ya sauka zuwa 22.05 kawai, saurin ya zama 4.08. A 1.75 fili 20.62, sauri 4.36. A mita 2 cif, 2 × 0.5 ya ba da 1, fili 18, sauri santimita 5. A 2.25, inda aka so tsayawa, 2.25 × 0.25 = 0.5625, tushensa 0.75, fili 13.5, sauri santimita 6.67 a minti. Amsar tambayar farko ke nan. Bayan nan abin ya ɓaci da sauri: a 2.40 santimita 10.2, a 2.45 fili ya rage saura 6.3, sauri santimita 14.3 a minti.

Tambaya ta biyu, ta lokaci, ba da dh/dt ake amsa ta ba. Tun da dV/dt ne ke tsaye, lokaci shi ne bambancin lita a raba da 900. Sararin da ya rage a saman santimita 225 siffarsa ɗaya da man da ke da zurfin santimita 25 a ƙasa, don haka a saka h = 0.25 cikin tsarin V: arccos(0.8) = 0.6435, a ninka da 1.5625 ya ba da 1.0055, a cire 1.0 × 0.75, saura 0.2555, a ninka da 9, kubik mita 2.299. Sararin lita 2,299 ne, man da ke ciki lita 41,879 ko kusa da haka. Daga 22,089 zuwa nan lita 19,790, a raba da 900, minti 21.99. Cikar tankin gaba ɗaya kuwa 22,089 ÷ 900 ne, minti 24.54. A minti 25 tankar za ta so ta zubar da lita 22,500, ta zarce abin da tankin zai ɗauka da lita 411.

Inda lissafin ya karye

Santimita 4 a minti gaskiya ne, amma gaskiyar wannan lokacin kaɗai. Mai kula ya ɗauki saurin da ya shafi zurfi ɗaya ya shimfiɗa shi a kan mita guda. Abin da ya sa kuskuren ya yi wuyar gani shi ne wurin da ya ɗauki awon, domin babu inda ya fi tsakiyar tanki yaudara. A sake bin ƙa'idar sarƙa a kan dh/dt, da Q a matsayin dV/dt:

d²h/dt² = Q²(h − R) ÷ (4L²S²)

Wannan yana faɗin yadda saurin kansa ke ƙaruwa. A h = R sifili ne. A tsakiya bangon tankin a tsaye yake na ɗan lokaci, faɗin fuskar man ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, tankin yana nuna halin silinda da ke tsaye. Shi ya sa gwajin minti na shida ya tabbatar masa da zatonsa maimakon ya tona shi. A mita 2 saurin yana ƙaruwa da santimita 0.19 a kowane minti. A 2.25 ƙarin ya kai 0.79, ya ninka fiye da sau huɗu a cikin santimita 25 kacal.

A jera lokutan gaskiya kusa da nasa. Zuwa santimita 150, minti 6.21 ne, shi yana zaton 6.25. Zuwa 175, minti 12.16, nasa 12.5, tazarar daƙiƙa 20 da babu mai lura da ita. Zuwa 200, minti 17.55, nasa 18.75. Zuwa 225, minti 21.99, nasa 25. Rabin tafiyar farko ya ci masa daƙiƙa 20, rabi na biyu ya ci kusan minti uku, kuma sararin da ke saman 225 na kusan minti biyu da rabi ne kawai. Da ya sake duba na'urar ko sau ɗaya a minti na 18, da ya ga 202 a inda yake jiran 197.

A ƙarshen tankin tsarin yana nuna wani abu da ya kamata a fahimta. Yayin da h ke kusantar 2.5, A yana tafiya sifili, dh/dt yana hawa ba iyaka. Ba wai man zai yi gudun da ba shi da iyaka ba ne, siffar mazubin ce ta ƙare. Daga santimita 245 zuwa sama lita 211 ce kawai, daƙiƙa 14. Bayan nan man ya shiga bututun numfashin tanki da bututun zuba. Bututun numfashi mai inci 2 filinsa kusan murabba'in mita 0.002 ne, kuma idan aka raba 0.9 da shi za a sami kusan mita 450 a minti, abin da bututun ba zai iya ɗauka ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne zubar ta shaƙe, man ya taso ta duk kafar da ya samu, murfin awo da ba a ɗaure ba ko bakin bututun numfashi, tiyon kuma ya tsaya cike. Tiyo mai inci 4 yana riƙe kusan lita 8 a kowace mita, tiyon mita 6 kusan lita 48 ke nan da ba su da inda za su sauka idan direba ya kwance shi. Saboda haka lita 411 iyakar sama ce, ba lallai duka su zuba ba. Amma ko kaɗan ne ya malala, fetur ne a filin da motoci ke shiga da fita.

Kurakuran da ake yi a takarda

Mafi yawa shi ne saka h tun kafin a nemo ƙimar canji. Wanda ya saka 2.25 cikin V ya sami 41.879, lamba tsayayya, ƙimar canjinta sifili, sai takardarsa ta ce 0.9 = 0. Abin da ke tsaye har abada, R da L, shi ake iya sakawa da wuri. Abin da yake gaskiya na ɗan lokaci sai a ƙarshe. Masu tambayar mazurari suna faɗawa irin wannan ramin ta wata fuska, idan suka ɗauki r a matsayin tsayayye alhali yana girma tare da h.

Sai ma'auni. A raba 900 da 13.5 a sami 66.7, a rubuta mita a minti, a tankin da gaba ɗayansa mita 2.5 ne. Amsa irin wannan ita da kanta take shelar cewa ba a mayar da lita kubik mita ba. Kalkuleta ma tana da nata: arccos da ke cikin tsarin V a radiyan yake. Idan na'urar tana kan digiri, arccos(0.8) zai fito 36.87 maimakon 0.6435, yankin da'irar ya fito murabba'in mita kusan 57, alhali da'irar duka 4.9 ce. Alama kuma ba ado ba ce. Lokacin da ake sayar da mai dV/dt ƙasa da sifili yake, dh/dt ma haka. Idan ana sayarwa ana saukewa a lokaci ɗaya, abin da bai kamata ba, abin da ke shiga lissafi shi ne mai shiga a cire mai fita: famfo biyu masu zuba kusan lita 40 a minti kowanne za su mayar da 900 ya zama 820.

Akwai kuskuren da ya fi zama a gidan mai fiye da aji, wato karanta zurfi kamar shi ne yawa. Santimita 200 kashi 80 cikin ɗari ne na tsayin tankin, sai mutum ya ce saura kashi 20, lita 8,836. Sararin gaskiya lita 6,290 ne, domin a wannan zurfin tankin ya riga ya kai kashi 85.8. Santimita 225 ɗin da manaja ya zaɓa kashi 90 ne na tsayi, amma kashi 94.8 ne na yawa. Wataƙila yana zaton ya bar kashi 10, ashe kashi 5 ya bari da ɗan ɗoriya. A Amurka dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa ta 1988 ta amince da na'urar da ke gargaɗi idan tanki ya kai kashi 90, ko wadda ke datse zuba da kanta a kashi 95, kuma waɗannan kashe-kashen na yawa ne. A tankinmu kashi 90 lita 39,761 ne, a zurfin kusan santimita 211. Kashi 95 lita 41,970 ne, a kusan santimita 226. Tazarar santimita 15 ce, ƙasa da minti biyu da rabi na zuba.

Abin da tankin gaske ke ƙarawa

Lita 900 a minti ba ta zama daram a aikin gaske. Man da ke gangarowa da nauyinsa yana bin dokar da Torricelli ya buga a Italiya a 1644: saurin fita yana tafiya ne da tushen murabba'in tsayin ruwan da ke turo shi. Man cikin tanka yana sauka, na cikin tanki yana hawa, tazararsu tana raguwa. Idan tazarar ta faɗi daga mita 4 zuwa 2.5, zubar za ta ragu, a ninka ta da √(2.5/4), kusan 0.79, ta koma lita 711. A raba 0.711 da 13.5, santimita 5.3 a minti, har yanzu ya fi 4 ɗin da aka gina lissafi a kai. Raguwar zuba tana sassauta matsalar, ba ta kawar da ita. Kuma idan ɗaki-ɗaki ake saukewa, da an buɗe sabon ɗaki cikakke ƙarfin zubar zai dawo, a daidai lokacin da fuskar man ta fi ƙanƙancewa. Tsarin dh/dt = Q ÷ A(h) bai canza ba, sai dai Q ya zama mai tafiya da lokaci, lokacin cikawa kuma ba ya samuwa da rabawa guda.

Ƙarshen tankuna da yawa a kumbure yake, ba a shafe ba. Idan kumburin irin wanda zurfinsa rabin R ne, ƙarshen biyu tare suna ƙara wa fuskar man (π/2) × h(2R − h). A tsakiya ƙarin 2.45 ne, fili ya zama 24.95. A 2.25 ƙarin 0.88 ne, fili 14.38. Tankin ya ƙara girma, amma bambancin tsakiya da sama ya ƙara faɗi kaɗan, daga ninki 1.67 zuwa 1.73.

Karkata ta fi wannan cin kuɗi. Tankin da ƙasa ta zauna a ƙarƙashinsa ya karkata da santimita 1 a kowace mita zai sami bambancin santimita 9 tsakanin ƙarshensa biyu. Idan kafar awo tana can ƙarshen tankin, sandar za ta kauce wa zurfin tsakiya da santimita 4.5. A nan dV = A dh ke aiki kai tsaye. Santimita ɗaya a tsakiyar tankin lita 225 ce, a zurfin 50 ko 200 lita 180, a 245 lita 63. Santimita 4.5 a rabin tanki kusan lita 1,000 ke nan. Yawancin gardamar da ake yi tsakanin direba da manaja kan kaya sun cika ko ba su cika ba tana iya ɓuya a cikin santimita ɗaya ko biyu na sandar awo: an tsoma ta a karkace, ko an karanta kafin man ya lafa, ko gindinta ya cinye da tsufa. Shi ya sa kowane tanki ke da jadawalin awonsa da aka auna masa shi kaɗai, mai nuna lita nawa ke kowane zurfi, kuma jadawalin wani tankin ba ya aiki a kan wani ko da girmansu ɗaya a takarda. A Najeriya kula da gidajen mai yana hannun hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa. Jadawalin ba komai ba ne illa V(h) da aka jera layi-layi, kuma bambancin layi da mai bi masa shi ne dV/dh. Mai riƙe da shi yana iya ganin lita a kowane santimita tana raguwa yayin da idonsa ke gangarawa ƙarshen takardar, ko bai taɓa jin sunan kalkulas ba. Sandar awo kuwa ba a tsoma ta ana cikin zuba, saboda tururin fetur da tartsatsin da gogayya ke iya haifarwa. Ana awo kafin a fara, a sake bayan an gama man ya natsu.

Zafi ma yana da nasa dh/dt ko bawul a rufe yake. Fetur yana kumbura da kusan lita ɗaya a kowace dubu idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya na Salshiyas, dalilin da ya sa cinikin mai na sari ake mayar da awo kan digiri 15. Lita 41,879 da ta ɗumama da digiri 2 a awa za ta ƙaru da kusan lita 84 a awa. A raba 0.084 da 13.5, kusan milimita 6 a awa. A rabin tanki, inda man ya fi kaɗan fuskar kuma ta fi faɗi, hawan bai wuce milimita 2 ba. Ɗumamar digiri 10 za ta cinye kusan lita 420 daga cikin 2,299 da aka bari a sama. Sararin da ake bari a kan tanki na wannan ne, ba asarar wuri ba ce.

Yadda ya kamata a tsara saukewar

Gyaran bai buƙaci agogo ba. Kafin a haɗa tiyo a ɗauki zurfi, a mayar da shi lita ta jadawali, a cire daga iyakar da aka yarda da ita. Da iyakar kashi 90, lita 39,761 a cire 22,089, sararin da ake da shi lita 17,672. Ɗaki ɗaya na tankar, 11,000, zai shiga. Ɗaki biyu, 22,000, ba za su shiga ba, ko da iyakar kashi 95 aka ɗauka, wadda ke ba da 19,881. Raba ɗaki gida biyu yana nufin dogara da hannun direba a kan bawul a daidai yankin da daƙiƙa 30 ke nufin lita 450, don haka ba a gina tsari a kansa. A ware ɗaki ɗaya, a rufe bawul ɗin sauran biyun, a bar shi ya tsiyaye har ƙarshe, mai kula kuma yana tsaye a wurin.

Ana iya faɗin inda awo zai tsaya tun kafin a buɗe. Daga rabi zuwa santimita 175 lita 10,942 ce. Sauran lita 58, a raba da lita 206 da kowane santimita ke ɗauka a wannan zurfin, milimita 3 ne. Tankin zai tsaya a lita 33,089, zurfi kusan santimita 175.3, bayan minti 12 da ɗan kai. Idan sandar ta nuna 174 bayan man ya lafa, giɓin kusan lita 270 ne, a nemi dalilinsa a zafi, ko karkata, ko abin da ya rage a ɗakin tankar, kafin a sa hannu a takardar kaya. Sauran ɗaki biyun na tanki na biyu ne, shi ma sai an ɗauki zurfinsa an duba nasa jadawalin.